Layin da Ke Ƙarƙashin Sunan Kawu

Tun da na dawo daga Filinge ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya shigo shagona, ko takarda ɗaya ya zo bugawa, sai ya ja kujera ya ce, "Nasiru, yaya Faransa?" Haka mutanenmu na Sakkwato ke tsokanar duk wanda ya tsallaka Illela. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura kowane faɗi sai na ƙara gishiri, to gara in rubuta sau ɗaya kafin labarin ya fi ƙarfina.

Inna, mahaifiyata, 'yar Filinge ce, can ƙasar Kurfai. Aure ya kawo ta Sakkwato, ni kuwa ban taɓa ganin garin ba sai lokacin da nake goye. Yayanta, Kawu Suma'ila, shi ya daɗe yana riƙe da tsohuwar makarantar boko ta unguwarsu, wadda su suke kira lakwal, kuma har yau Dirakta ake ce masa. 'Yarsa Ramatu malama ce a lakwal ɗin nan. Taubashiyata ce, ita 'yar namiji ni ɗan mace, don haka tun da aka yi waya ba ta taɓa kirana da sunana ba.

"Bawana," in ji ta wata rana da hantsi, "an ce kana da injin majigi. Ka ɗauko shi ka taho. Tsohhin 'yan lakwal za su yi taro, ina so a ji muryar Baba."

Ta yi mini bayani. Bara ta bi tsofaffin da suka fara shiga lakwal ɗin, waɗanda suka rage, ta ɗauki muryar kowa a waya. Bayan nan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Kawu, harshensa ya yi nauyi, ya daina fita. Muryar da ta ɗauka ita ce ta ƙarshe da ya yi magana tar. Burinta a fito da shi taron, garin ya ji shi kamar yadda ya san shi, shi ma ya ji kansa. Kwamfuta akwai a lakwal, majigi ne babu, da wanda ya iya haɗa abin.

Shekarar nan sojoji ke riƙe da ƙasar tasu. Inna ta ba ni goro da turare in kai wa yayanta, ta kuma ja mini kunne kada in yi siyasa da kowa, ko da direba ne ya fara.

A iyaka, ɓangaren Ƙonni, ma'aikacin duwan, wato kwastan ɗinsu, ya sa na buɗe kwalin. Ya juya injin, ya kai ido bakin gilashin kamar mai leƙen rijiya.

"Wanga ɗauka shikai?"

"A'a, ranka shi daɗe. Hiddawa shikai."

Ya auna maganar, sannan ya ɗauko 'yar takarda ya rubuta mini izinin wucewa da shi. Abin da ya ba ni sha'awa, da ya rubuta kwanan wata sai ya ajiye biro, ya buɗe aljihun tebur, ya fito da rula da jan biro, ya ja layi a ƙarƙashi a hankali, har da ɗan cije leɓe. Mutane na tsaye a rana suna jira, bai dame shi ba. A wurinmu da hannu za a ja shi, ya karkace ya nufi Zamfara, ba mai cewa uffan. Na yi dariya a raina, ban san darasin tafiyar tawa ne aka fara koya mini ba.

Motar Yamai babba ce, kowa da lambar kujerarsa, kuma ta tashi a lokacin da aka ce za ta tashi, abin da ya sa na kusa rasa ta ina cinikin rake. Kusa da ni wani dattijo ne Bazabarme, da dogon burodin nan nasu a hammata, duk juyin da ya yi sai burodin ya gaishe ni a kunne. Ba ya jin Hausa sosai, ni kuma Zabarmancina bai wuce fofo, wato sannu, ba, amma kafin Dogon Dutse mun cinye burodin tare, na huta. A Dosso ya saya mini kopto, wato zogale da ƙuli, irin kwaɗonmu, sai dai nasu ya fi jin mai da albasa. Na kwana Yamai gidan wani abokin aikin Ramatu. Da safe mai shayi ya zubo mini kofi a kwano, ba a kofi ba, na tsaya jiran cokali har na ga na kusa da ni ya ɗaga nasa da hannu biyu.

Daga Yamai zuwa Filinge ƙaramar mota ce, kaya a sama sun fi motar tsawo. A Balayara aka ɗora raguna biyu a kan rufin, daidai saitina. Ba mu yi nisa ba ɗayansu ya saki abin da ya sha, ya biyo ta taga. Ban yi tunanin kaina ba, na tuɓe babbar rigata na lulluɓe kwalin majigi, mata a baya suna dariya suna cewa Ɗan Najeriya ya fi son kayansa da jikinsa. Wajen Bonkuku aka sauke mu a shingen sojoji, kowa ya riƙe katinsa. Wani matashin soja ya yi ta yi mini tambaya da Faransanci, ni kuwa kalma ɗaya na sani, duk abin da ya ce sai in ce wi, wato eh. Sai da wata mai sayar da cuku ta shiga tsakani. "Kai, yaro, yanzu ka amsa mai kai ɗan jarida na." Da sojan ya gane, ya juya Hausa, Hausarsa ma ta fi tawa, ya ce in gaida mutanen Filinge.

Ramatu na jirana a tasha. Ta dube ni sama da ƙasa, ta toshe hanci. "Na aika a kawo man bawa, an kawo man bunsuru."

Kawu na zaune a kujerar tsakar gida, an jingina masa matashi ta hagu. Dogo ne har a zaune. Na durƙusa na gaishe shi, ya dafa kaina da hannun dama, ya faɗi sunan Inna. Sai da na kasa kunne sosai na gane. Kusa da shi akwai amininsa, Baba Arzika, gajere mai surutu, wanda suka shiga lakwal rana ɗaya. Shi ke fassara maganar Kawu, kuma ina zargin yana ƙara tasa a ciki. An ba ni ɗaki a zaure, an kawo dambu da fura mai kauri. Furarsu ba ta son sukari, da na tambaya sai da aka aika kanti, kuma har na baro garin ana ba da labarin.

Kashegari aka ɗauko kwamfutar lakwal zuwa gida. Nan na san na zo ƙasar mutane. Filogin majigina mai ƙafa uku ne, ramin bangonsu biyu ne zagayayyu, sai da aka yanke kan aka sa wani a kasuwa. Haruffan allon bugawa kuma an yi musu canjin gida, inda na saba samun wannan sai in sami wancan, ni da nake bugawa ido rufe na koma ɗan koyo da yatsa ɗaya. Duk umarnin da ke ciki da Faransanci yake. Haka muka raba aiki, ni na san inda abu yake, Ramatu ta san abin da aka rubuta a kai.

Tsarin mai sauƙi ne. Shafin farko hoton lakwal, in an danna shi ya kai ka shafi na biyu, inda sunayen 'yan ajin farko suke gaba ɗaya. Duk wanda Ramatu ta ɗauki muryarsa, na sa wa sunansa mahaɗi, in an danna sai ya buɗe shafin hotonsa muryar ta tashi. Kamar yadda kowa ya sani a aikinmu, da ka sa wa rubutu mahaɗi sai ya koma shuɗi, layi ya fito a ƙarƙashinsa. Ni wannan layin ban ma ganinsa, don kullum da shi nake kwana nake tashi. Ramatu kuma lokacin da na yi wannan ɓangaren tana lakwal wajen 'yan ajinta.

Bayan la'asar muka ce a gwada. Aka rufe tagogin falo, aka shigo da Kawu, Baba Arzika ya zauna a gaba yana cewa yau zai ga sinima kyauta. Hoton lakwal ya fito a bango, aka yi ta murna. Na danna, sunaye suka fito.

Ɗakin ya yi tsit. Na ɗauka sha'awa ce ta kama su, har na fara gyara zama. Baba Arzika ne ya fara magana, kuma ba da dariya ba.

"Yaro, ka tada matattu, mu kuma ka kashe mu."

Na waiwaya. Ramatu ta dafe baki. Kawu na kallon bango, inda sunansa yake na uku daga sama da layi a ƙarƙashi. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya yi magana, kuma wannan karon ban nemi mai fassara ba.

"Kun yi gaggawa."

Ya yi alama a mayar da shi ɗaki.

A tsakar gida Ramatu ta warware mini. A ofishin dirakta akwai allon katako mai ɗauke da sunayen 'yan ajin farko. Tun rasuwar na farkonsu Kawu ya kafa al'ada, duk wanda ya rasu, bayan sadakar uku sai ya tafi da rularsa ta ƙarfe da jan fenti, ya ja layi a ƙarƙashin sunan. Ba ya sokewa, ya ce ba a soke mutum. Shekara da shekaru yana yi, har ya zama a unguwar in aka ce an ja wa wane layi, kowa ya san abin da ake nufi. Ni kuwa na zo daga Sakkwato, na bi masu rai ɗaya bayan ɗaya na ja musu, na bar mamatan fes.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kunya kuma ta rufe ni. Na ce a bar ni in je in yi masa bayani, na'ura ce ta yi, ba mutum ba.

"Ya sani," in ji Ramatu. "Baba ba jahili ba na. Amma tun da ciwon ga ya kama shi, gani shikai kowa jira shikai. Yanzu ya gani a bango."

Da magariba aka kai masa tuwo, aka dawo da shi yadda aka kai. Baba Arzika ya shiga ya fito, ya ce Dirakta ya ce ba shi zuwa taron, kuma kada a sa muryarsa. Taron kuwa jibi ne.

Da sassafe na koma kan kwamfuta. Na haskaka sunan Kawu, na danna maɓallin da ke sa layi ya kuma cire shi. Layin bai motsa ba. Na sake dannawa, ko gezau. Na canza launi, na canza irin rubutun, Ramatu na karanta mini Faransanci har muryarta ta dushe. In na cire mahaɗin layin ya tafi, amma muryar ma ta tafi da shi. In na mayar da muryar, layin ya dawo. Ramatu ta ce ko mu sauya tsarin duka, a bar sunayen, a sa hotuna kawai. Baba Arzika, da ya zo tun kafin a sha koko, ya ce ina, mutane sunayen suke so su gani a jere kamar yadda suke a allo, kuma rabin mamatan ba su da hoto.

Abin ya daina ba ni haushi ya koma ba ni mamaki. Shekara nawa ina wannan aiki, ban taɓa tambayar kaina me ya sa layin yake zuwa ba, don ba wanda ya taɓa cewa ya dame shi. Ina cikin komawa baya da gaba sai na tsaya a shafin farko. Hoton lakwal ma ai mahaɗi gare shi, shi ke kai mu shafi na biyu, amma ba layi a ƙarƙashinsa. Ashe haruffa ne kawai ake ja wa layi. In abin da ka ɗaura wa mahaɗin ba harafi ba ne, ba ruwansa.

Na cire mahaɗin daga sunan Kawu. Na ware sunan a cikin akwatin rubutu nasa shi kaɗai. Maimakon in haskaka haruffan, sai na danna bakin akwatin, gefensa, har ya zama akwatin ne aka zaɓa ba abin da ke ciki ba, sannan na ce wa Ramatu ta nuna mini inda ake sa mahaɗi. Muka kunna. Sunan ya fito baƙi, wankakke, kamar na kowa. Na kai kibiyar kansa, ta rikiɗe ta zama ɗan hannu. Ramatu ta riƙe mini wuyan hannu kafin in danna, ta ce kada Baba ya jiyo daga ɗaki.

Aikin ya ci rabin yini, don kowane suna sai an yi masa akwatinsa an daidaita shi da 'yan'uwansa. Da muka gama na miƙe ina jin kaina, Baba Arzika ya ce saura.

"Yanzu kowa na da rai ke nan? Waɗanda sunka riga mu hwa? A ba su layinsu."

Muka ɗauko abin zana layi, muka sa masa ja, muka bi mamatan kamar yadda Baba Arzika ke faɗa. Amma gyaran bango daban, fito da Kawu daga ɗaki daban. Na ce a je a gaya masa an cire. Ramatu ta girgiza kai, ta ce in aka ce masa ya zo ya ga an gyara ba zai zo ba, ta san ubanta. Ta tafi bakin ƙofarsa, ta durƙusa, ina jin ta daga falo.

"Baba, mun ja ma mamata layinsu, amma bawan ga Ɗan Najeriya na, ba shi da hannu. Ina ganin sun karkace. Kuma Baba Arzika na ta ruɗewa, bai tabbata wa da wa ba."

Baba Arzika ya buɗe baki zai kare kansa, na taka masa ƙafa.

Can sai muka ji ƙarar aljihun tebur. Aka shigo da Kawu, rular ƙarfe a kan cinyarsa. Bai dubi kowa ba. Ya sa aka matsa da kujerarsa jikin bango, ya ɗaga rular da hannun dama ya ɗora a kan hasken, inuwar hannunsa ta rufe rabin sunayen. Ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya. A na huɗu ya ƙwanƙwasa bango, kuma gaskiyarsa, ya ɗan sunkuya ta dama, na gyara. Can ƙasa ya tsaya a kan wani suna marar layi ya faɗi wata kalma. Baba Arzika ya dafe kai, ya ce haka ne, wannan a Lome ya rasu, shi ya manta. Na ja masa.

Sai da ya gama da kowa sannan ya ɗaga kai zuwa na uku daga sama. Ya ɗora rular a ƙarƙashin sunansa, inda babu komai, ya riƙe ta nan jim kaɗan, ya sauke.

"Muryar hwa?"

"Tana nan, Kawu. Ba a ganin alamarta ne kawai."

Na ɗora masa linzamin kwamfutar a kan wani littafi bisa cinyarsa, na kai kibiyar har ɗan hannun ya fito. Shi ya danna da kansa. Ban taɓa jin muryar nan ba sai ranar. Babba ce, a tsaye take, irin wadda ke sa yaro ya duba ko rigarsa a soke take. Kawu ya saurari kansa har ƙarshe, ido a rufe. Da ta ƙare ya ce a kawo masa tuwon jiya in da saura.

Ranar taro an cika babban aji har tagogi. Akwai waɗanda suka zo daga Yamai, da na Sanam, da wani hafsan soja da aka ba kujerar gaba. Aka yi jawabai da Faransanci, na yi ta gyaɗa kai ban ce wi ba. Aka ji muryar Baba Arzika, aka sha dariya, don labarin bulalar da ya sha ya bayar. Da aka zo kan Kawu, dama tun a farkon maganarsa Ramatu ta roƙe shi ya yi kiran suna irin na safiya, na wani aji da ya koyar da daɗewa. Muryar ta kira suna na farko. Wani mai furfura a tsakiyar aji ya miƙe tsaye ya amsa, kafin ma ya san ya yi. Aka kira na biyu, wata hajiya ta amsa daga taga. Wasu sunayen ba mai amsawa, muryar ta wuce. Kawu na zaune a gaba da rularsa, ɓarin fuskarsa mai motsi yana murmushi. Ni da ba ɗan lakwal ɗin ba, sai da na nemi hankici.

Komowa ba wani labari, sai cukun da Ramatu ta cusa mini a jaka, wanda Inna ta karɓe duka ta ce ba na yara ba ne.

Watanni sun wuce, sojoji sun miƙa mulki sun koma bariki. Ranar wata Laraba aka bugo mana cewa Kawu ya cika. Inna ba ta da lafiyar tafiya a lokacin, sai muka yi gaisuwa ta waya, muka sa ranar zuwa. Bayan sadakar uku ina shago da hantsi, ga Ramatu.

"Nasiru."

Ban taɓa jin sunana a bakinta ba.

"Na je ofis da rula tai, na ja na allo. Yanzu ina gaban na majigi. Yaya akai?"

Na ce ta ɗauko abin zana layi, ta sa masa ja, ta riƙe wani maɓalli da na taɓa nuna mata don kada ya karkace. Na ce ta bi a hankali kada ta taɓa akwatin, muryar a jikinsa take. Na ji tana ja, na ji ta tsaya.

"Ya miƙe?" na tambaya.

"Ya miƙe."

Sannan ta danna. Daga Filinge, ta cikin waya, Kawu ya gyara murya ya fara kiran suna. Mai jiran takardarsa a gabana ya buɗe baki zai yi magana, na ɗaga masa hannu ya dakata.